Sunan da Ban Kira Ba

A Agadas aka yi mini tambayar, a tsakar gidan wata Hajiya mai haƙorin Makka, inda ake tara mata kafin a loda su a mota zuwa Libiya. Muna zube a tabarma duk mun jigata, ita tana kan kujera tana bin mu da ido kamar mai zaɓen tunkiya ranar kasuwa. Da ta zo kaina ta ce, "Ke baiwar Allah, daga ina?"

"Daga Ƙofa, Hajiya. Ƙasar Bebeji."

"Miji fa?"

"Allah ya yi masa rasuwa."

"Allah ya jiƙansa. 'Ya'ya nawa?"

Sai na sunkuyar da kai na yi shiru.

Wanda ya tashi a gida irin namu ya san ma'anar shirun nan. Ina da 'ya guda ɗaya, kuma 'yar fari ce. A wajenmu mace ba ta buɗe baki gaban babba ta ce ga 'yarta in ta fari ce. Tun ranar yaye Inna mahaifiyata ta goya ta ta tafi da ita, ta zama 'yar Inna. Da mijina ya rasu a hatsarin motar tumatir a Kwanar Dangora, na gama takaba na dawo gidanmu, muka zauna tsakar gida ɗaya da yarinyar. Tana ce mini Yaya, ni kuma in zan aike ta sai in ce "ke". Ban taɓa kiran sunanta ba. Kunya ce, kuma haka na tashi na ga Inna na yi wa babban wanmu, har ya yi furfura ba ta ambaci sunansa ba.

Lantana ce ta amsa mini. "Hajiya, wannan ba ta da kowa. Ita kaɗai ce."

Lantana ƙawata ce tun muna tallar dafaffiyar gyaɗa. Ita ce babbar ƙawa a bikina, ita ta riƙe jaririyar ranar suna. Ta riga ni zuwa Libiya da shekaru, ta dawo da atamfofi da waya mai faɗin faranti, ta zauna a ɗakin Inna tana ba mu labarin aikatau: shara da wanke-wanke kawai, in ji ta, shekara biyu ki dawo ki yi wa Inna rufin kwano. Ita ta taho da ni. Don haka da ta yi maganar nan har godiya na yi mata a zuciyata. Na ɗauka ta ga na ji nauyin Hajiya ne ta tare mini, yadda ƙawa ke tare wa amarya baki gaban dangin miji. Hajiya ta gyaɗa kai ta ce, "Madalla. Irinta nake so." Ni da wautata na ɗauka tarbiyyata ta yaba.

Sahara ba zan iya ba da labarinta yadda take ba. An cusa mu a bayan motar Hilus, an ba kowa sanda ya maƙale tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo, direba kuma ya faɗa mana tun da wuri cewa wanda ya faɗi ya faɗi. Ruwan jarka ya yi zafi kamar na wankan jego, yana warin fetur, a haka ma da marfi ake auna shi. Ni ce fa Rabi mai mita, wadda ba ta ɗebo ruwa a rijiyar bayan gidanmu ba tare da ta zagi guga ba. A can na tuna yadda randar Inna ke yin gumi da rana tsaka, da moɗar da ke kife a kanta, wadda ko baƙo ya shigo zai ɗauka ya sha ba mai tambayarsa. Wata mata 'yar Gana da ke gefena, ba na jin yarenta ba ta jin nawa, da ta ga leɓena ya tsage ta jiƙa bakin ɗankwalinta ta ɗora mini. Ban san sunanta ba, har yau ina sa ta a addu'a.

A wata tsayawa da muka yi na kwance ƙullin guzurin da Inna ta yi mini na ƙuli-ƙuli da garin kwaki, sai ga goruba biyu a ƙasa. Ɗaya an gwaigwiye gefenta da ƙananan haƙora. Na san ba aikin Inna ba ne. Yarinyar ce ta fara ci, sai ta fasa ta cusa mini. Na juya wa mutane baya na yi kukana, na mayar da su cikin zanina.

A Sabha aka kulle mu a wani gida mai katanga kamar kurkuku, muna jiran a raba mu. Nan aka sace mini takalmi da sabulu, nan wani ɗan ƙasarmu mai carbi ya karɓe mana sauran guzuri ya ce zai sayo mana burodi, ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Nan kuma Lantana ta ce, "Kawo wayarki in adana miki, Larabawa ba sa barin mai aiki da waya. In na zo duba ki sai ki kira gida da tawa." Na ciro na ba ta. Da ta ce in ba ta idona ma a lokacin da na ba ta.

Tarabulus aka kai ni, gidan wani ɗan kasuwa mai hawa uku. Aikina shara da wanki da girki, sai kula da tsohuwar mahaifiyarsa da suke ce wa Hajja, wadda ƙafa ta daina ɗaukarta. Ba zan ce sun dake ni ba, ba zan ce sun hana ni abinci ba. Amma gida ne da za ki wuni ba a ce miki sannu ba. Ƙofa a rufe, taga a rufe, ba sallamar maƙwabciya, ba mai leƙowa ta katanga ta ce a sam mata wuta ko ɗan gishiri. Da safe in tashi in saurara, ba ƙarar turmi, ba carar zakara, sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. Abinci kuwa makaroni da rana, makaroni da yamma. Ni da nake tura baki in Inna ta ajiye mini ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, in ce kullum abu ɗaya, sai ga ni ina mafarkinsa, har da ƙanzon gindin tukunya.

Lantana takan zo wata Juma'ar, ta miƙo mini waya in kira lambar wanmu, shi kuma ya kai wa Inna. Hirar tamu ma ta mutanenmu ce. Ba na cewa ina yarinya. Sai in ce, "Inna, ya akuya?"

Inna ta san akuyar da nake nufi. Sai ta ce, "Akuya lafiya lau, ta haifi biyu. Mai kiwon nata ma ta yi tsawo, haƙoranta na gaba sun fita, in ta yi dariya kamar tsohuwa."

Can bayan Inna sai in jiyo ƙaramar murya tana ihu, "Yaya ce? Inna ki ce ta sayo mini takalmi mai fitila!"

Inna ta ce, "To ga ta nan ta ishe ni, ko za ki yi mata magana?"

Ni kuwa sai in ce, "A'a Inna, bar ta kawai."

In kashe waya in koma goge-goge, muryar nan na yi mini yawo a kunne har wata Juma'ar. Da ita nake rayuwa a gidan nan.

Da zafi ya shigo sai ƙafar Lantana ta ɗauke. Da ta zo daga baya ta ce wayar ba kati. Ta sake zuwa ta ce layin Najeriya ne ba ya shiga, ta kuma ce ta ji daga gida kowa lafiya. Ta kawo mini dabino da turare, muka yi hira muka yi dariya, har na raka ta bakin ƙofa ina ce mata Allah ya bar zumunci.

Akwai wani dattijo mutumin Damagaram, Malam Isuhu, da ke zuwa ban ruwan fulawowin gidan. Gaisuwa kawai ke haɗa mu ta tagar kicin, amma gaisuwar Hausa a wannan gari ta fi mini nama daɗi. Wata safiya ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, kin rame. Kina jin labarin gida kuwa?" Na ce rabona da su tun sanyi. Sai ya ajiye mini wayarsa a bakin taga ya koma wajen tiyonsa.

Na kira lambar wanmu. Da aka kai wa Inna waya ta ce, "Rabi? Ashe kina da rai?"

"Inna lafiya? Ya akuya?"

"Bar zancen akuya. 'Yarki ce ba lafiya."

Tun da aka haifi yarinyar nan Inna ba ta taɓa ce mini 'yarki ba. Na zauna a ƙasan kicin.

"Sanƙarau ne," in ji Inna. "Mun daɗe a asibiti. Tana cikin zazzaɓi tana kiran ki, tana cewa a kira mata Yaya ta ji muryarta. Wanki ya kira Lantana ya fi a ƙirga. Ta ce ta faɗa miki, kin ce aiki ya yi miki yawa, za ki kira in kin samu sarari."

Da ƙyar na ce, "Yanzu fa?"

"Da sauƙi."

Kowa ya san da sauƙin mutanenmu. Ana faɗinsa ga mai mura, ana faɗinsa ga wanda ake karanta wa Yasin. Abin da na lura da shi ɗaya ne: ban jiyo murya a bayan Inna ba, kuma ba ta ce mini ga ta ba.

Ranar na tare maigidan da guntun Larabcin da na tsinta. Na dafa ƙirjina na ce binti, 'yata, ba lafiya, zan tafi gida. Abin mamaki, da harshen wasu maganar ta fito ba wuya. Ya dube ni kamar na zauce, ya ɗauki waya ya kira Lantana. Da la'asar ta iso, ta sha lulluɓi baƙi irin nasu, suka yi ta magana da sauri. Ban ji duka ba, amma na ji ta ce wallahi, na ga ta ɗaga yatsa sama, na ji ta ce ba ni da ɗa ba ni da 'ya, marmarin gida ne ya sa nake ƙarya.

Na riƙe hannunta na ce da Hausa, "Lantana, ke kika riƙe ta ranar suna. Ta yi miki fitsari a sabon leshinki, kika ce arziki ne."

Ta fizge hannu, ta rage murya. "Rabi, ki rufa mini asiri. Hajiya ba ta ɗaukar mai 'ya'ya, ta ce wata biyu sai kuka, wata uku sai gudu. Tun kafin mu bar gida na ce mata ba ki da kowa, a kan haka ta ba mutanen nan ke. In aka ji na yi ƙarya ta kore ni, nan ne cina nan ne shana."

"Saƙon Inna fa? Yarinya na kwance tana kira na, kika zo kika ba ni dabino?"

"To da na faɗa miki me za ki yi, ke likita ce? Ai an ce da sauƙi." Ta gyara mayafi ta dube ni sama da ƙasa. "Ke da ko sunanta ba kya iya kira, yau ne za ki ɗaga mana hankali a kanta?"

An cuce ni a hanyar nan ba sau ɗaya ba, direbobi sun zage ni, mai carbi ya gudu da guzurina, duk na shanye don ban san su ba. Wannan kuwa tare muka ci tuwo a kwano ɗaya, ta san kunyata ciki da waje, ta san ba zan buɗe baki gaban Hajiya ba, da saninta ta ɗora ƙaryarta a kan shiruna. Da ɗan gari akan ci gari. Maigida ya daka mini tsawa ya nuna mini kicin, ita kuma ta fita ko waiwaye babu.

Washegari ina yi wa Hajja wanka hawaye na zuba cikin bahon. Tsohuwar nan ba ta cika magana ba, wani lokaci ma har tsawa take yi mini in ruwa ya yi sanyi. Ta daɗe tana kallo na, sai ta sa hannu ta kama bakin rigata ta ɗaga. Na yi niyyar janyewa, ta harare ni. Ta dubi nanƙarwar da ciki ya bari a marata, ta bi layin da yatsanta. Ta ce, "Bint?" Na gyaɗa kai. Na kwance bakin zanina na nuna mata gorubar nan mai shatin haƙora.

Ban san akwai sauran ƙarfi a ƙirjin tsohuwar nan ba. Ta ɗauki sandarta ta dinga dukan ƙarfen gado tana ƙwala wa ɗanta kira, har ya hauro a guje ba takalmi. Ta wanke shi tas. Ƙaton mutum mai shaguna ya tsaya kansa a ƙasa kamar an kama shi da satar nama a miya. A makon nan ya sa ni a mota ya kai ni inda ake tara 'yan ƙasarmu masu jiran jirgin komawa gida. Da zan fita Hajja ta cusa mini ƙaramin bargonta, ta ce na bint ne.

Na ɗauka an gama, ashe jira ne ya fara. Ba ni da takarda ko ɗaya, sai yau sai gobe, ana kiran sunaye ba nawa. Muna kwance jere a wani dogon ɗaki, kowace da labarin wadda ta sayar da ita, kuma kusan duk ƙawa ce ko 'yar uwa. In na samu aron waya na kira gida, yanzu ni ce ke cewa, "Inna, a ba ta waya." Inna ta ce ta fita. Wani kiran ta ce tana barci. Wani kiran ta ce in dai taho kawai. Har damina ta sauka a gida ta ɗauke ina wurin nan. A nan na ɗaukar wa kaina alkawari, in Allah ya nufa na taka tsakar gidanmu, zan kira sunan yarinyar nan da babbar murya, gaban Inna, gaban kowa, duk mai dariya ya yi.

Da kaka na iso. Daga Kano na hau motar Bebeji, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Ƙofa. Dawa ta sunkuya a gonaki, yara na shan takanɗa a bakin hanya, mata na sussuka, kowa muka wuce sai ya ɗaga hannu ya ce sannu da hanya. Ba rufin kwano na kawo ba, ba takalmi mai fitila, daga ni sai leda ɗaya da bargon Hajja.

Na yi sallama a zaure na shiga. Tana zaune gindin zogale ta ba ƙofa baya, tana ɓare gyaɗa a faifai, akuya na tsaye kusa da ita tana satar ɓawo. Ta yi tsawo, wuyanta ya yi siriri. Matar wanmu na tankaɗe, Inna na bakin murhu da muciya a hannu. Na ajiye ledata, na cika ƙirjina da iska, na kira sunanta.

Akuya ta waiwayo. Kaji suka watse. Matar wanmu ta saki rariya. Yarinyar ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Na sake kira, har muryata ta tsage.

Inna ta ajiye muciya. "Ba ta ji, Rabi. Ciwon ya tafi da kunnen, duka biyun. Lokacin da take neman muryarki tana ji. Bayan nan ne ya toshe."

Na zagaya na durƙusa a gabanta. Ta ɗago, faifan ya kife, ta ce "Yaya!" da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa, ta faɗo jikina. A gaban Inna na rungume ta, Inna kuwa ta juya ta shiga gyara wutar da ba abin da ya same ta.

Lantana ta aiko mini da atamfa bara ta hannun wani direba, wai in yi haƙuri, sharrin zaman bariki ne. Na ce ya mayar mata. Malamai sun ce yafiya ta fi, na ji, amma ba zan yi ƙarya in ce na kai nan ba. Likita ya ce ko da na kira a lokacin ba zai hana kunnen toshewa ba, na yarda. Amma da ta ji ni. Abin da Lantana ta ɗauke mana ke nan, kuma ba a kasuwa ake sayo shi ba.

Yanzu ƙosai nake soyawa a ƙofar gida, rufinmu na nan yana yoyo ta kusurwar gabas. In Inna ta ajiye mini ɗumame ina cinyewa har in suɗe kwano, ta ce wai Libiya ta koya mini ladabi. Ina ɗebo ruwa ban zagi guga ba. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga neman gishiri, in tsaya mu yi ta surutu har ƙosai ya ƙone. Mata nawa muka kwana ɗaki ɗaya a can da suka dawo suka tarar da kabari. Ni na tarar da tawa tana ɓare gyaɗa, alhamdu lillahi.

Ran Juma'a nake yi mata kitso a gindin zogalen nan, ta kwantar da kai a cinyata. Wata rana ina cikin kitson ta juyo ta ga bakina na motsi. Ta ce, "Yaya, me kike cewa?" Na maimaita a hankali. Ta ƙura wa leɓena ido, sannan ta ɗago hannu ta ɗora tafinta a maƙogwarona.

"Sunana ne?"

Na gyaɗa kai.

"Sake faɗa."

Inna na gefe tana tsintar shinkafa, ta ƙara sunkuyar da kai cikin faifai kamar ta ga tsakuwa. Na riƙe ɗan hannun nan a wuyana, na ce, "Sa'adatu."